Kada yawan volt ya ruɗe ka wajen sayen fawa saflai

Yawancin masu koyon gyaran waya volt kawai suke tambaya idan sun je sayen fawa saflai. A ganina kuskure ne. Batirin waya bai kai volt 5 ba, don haka ko mai volt 15 ta ishe ka. Abin dubawa shi ne maɓallin ƙayyade amfiya: idan akwai shot a bod, wutar za ta tsaya a iyakar da ka saita, maimakon IC ya ƙone. Ka kuma tabbatar allonta yana nuna miliamfiya, don ta nan za ka gane wayar da ke shan wuta a kashe. Araha ba ta ado. Wayar mutane ɗaya ka ƙona, ribar ta tafi.