Zancen Iyali: Wa Muke Binnewa a Bakin Rafi?

 Damina ta wuce, hatsi ya fara shiga rumbu, a ikkilisiyoyi da yawa kuwa ajin baftisma ya kusa tashi. Ba da daɗewa ba za a ga jama'a sun jeru zuwa bakin rafi, 'yan Zumuntar Mata suna gaba da waƙa, waɗanda za a yi wa baftisma suna biye, kowa da tufafin sakewa a hannu. A gida kuma an tanadi shinkafa, watakila har da ɗan akuya.

Abin murna ne ƙwarai. Amma in yaro ya ja rigar mahaifinsa ya ce, "Baba, don me fasto ya nutsar da Yaya cikin ruwa?" wace amsa za a ba shi? Waɗansu za su ce an wanke masa zunubi ne. Waɗansu za su ce yanzu ya isa cin Jibin Ubangiji. Waɗansu ma za su ce aurensa ne ya matso. Amsar da muke so ta zauna a kowane gida a wannan wata ita ce, jana'iza aka je. An binne wani, an kuma ta da wani.

INDA ABIN YA FITO

Kalmar baftisma daga Helenanci ta fito, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. Asalin ma'anarta tsomawa ne, kamar yadda marini yake tsoma farin zane cikin baba, ya fito da wani launi dabam. Yahaya Maibaftisma ya yi ta yi wa mutane baftisma a Kogin Urdun, suna bayyana zunubansu. Yesu kansa ya taso daga Galili ya zo wurinsa. Yahaya ya so ya hana, gama ya san wanda ya zo ɗin ba shi da abin tuba, amma Yesu ya nace, ya tsaya inda masu zunubi suke tsayawa (Matiyu 3:13-17).

Bayan tashinsa daga matattu sai ya aiki almajiransa wurin kowace al'umma. Ya ɗora musu aikin kawo mutane gare shi, da yi musu baftisma da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, da koya musu biyayya (Matiyu 28:19-20). A ranar Fentikos kaɗai mutum wajen 3,000 ne suka karɓi wa'azin Bitrus aka yi musu baftisma. Ashe umarnin Ubangiji ne tun kafin a san da wata mishan ko wata ɗarika.

BINNEWA DA TASHI

Wanda yake so ya gane ma'anar baftisma, sai ya buɗe Romawa sura 6. A nan manzo Bulus ya nuna cewa mai bi ya haɗa kai da Almasihu cikin mutuwarsa, da binnewarsa, da tashinsa. Ruwan yana matsayin kabari. Sa'ad da ruwa ya rufe kan mutum, ana shaida wa duniya cewa mutumin dā ya mutu tare da Yesu. Sa'ad da aka ɗago shi, ana shaida cewa sabon mutum ya tashi, mai sabon Ubangida.

Mun san abin da jana'iza take nufi a garuruwanmu. In an binne mutum, ba mai zuwa kiransa gayya, ba mai ajiye masa ƙwaryar burkutu. An gama da shi. To, haka zunubi ya kamata ya rasa mu in ya zo nema. Wanda aka binne a rafin nan shi ne mai ɗaure laya a ƙugu, mai ɗaga wa matarsa hannu, mai mudu biyu a kasuwa, wadda ta shekara uku ba ta gaisa da matar ƙanen mijinta ba. Ba mu ce gwaji zai daina zuwa ba, gama zai zo. Amma mai bi yana da abin da zai tuna. Zai ce wa zuciyarsa, "Wancan mutum ai an binne shi, jama'a kuwa sun gani."

Akwai abu na biyu. Wanda ya fito daga ruwan ya sami dangi. Bulus ya koya wa Korantiyawa da Galatiyawa cewa baftisma tana shigar da mu cikin jiki ɗaya, inda Bayahude da Bahelene, bawa da ɗa, mace da namiji suke da daraja ɗaya (1 Korantiyawa 12:13, Galatiyawa 3:27-28). Rafi ɗaya Bajju da Tangale da Bahaushe suke shiga. Wanda ya fito daga ruwan yana riƙe da ƙabilanci, ya tsame abin da ya kamata ya bari a ƙasa.

ABIN DA RUWA BA ZAI IYA BA

Mu yi hankali kada mu mai da baftisma wankan magani. A Samariya akwai wani mai sihiri, sunansa Saminu. An yi masa baftisma, yana bin Filibus ko'ina. Amma da ya ga manzanni suna ɗora wa mutane hannu suna karɓar Ruhu Mai Tsarki, sai ya fito da kuɗi zai sayi ikon. Bitrus ya tsawata masa, ya gaya masa zuciyarsa a karkace take, sai ya tuba (Ayyukan Manzanni 8:9-24). Ruwa ya jiƙa jikinsa, zuciyar tana nan yadda take.

Ga kuma ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu. Ƙafarsa ba ta taɓa ruwa ba, amma ya ba da gaskiya, Ubangiji kuwa ya yi masa alkawarin Firdausi a ranar (Luka 23:39-43). A gidan Karniliyas ma, Ruhu Mai Tsarki ya riga ya sauko kafin Bitrus ya ce a yi musu baftisma. Jinin Yesu ne yake kawar da zunubi, ta wurin bangaskiya ake karɓa. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ya je rafi ba tuba, ba bangaskiya, wanka kawai ya yi da tufafinsa.

Mun sani ɗarikoki sun bambanta a kan waɗansu abubuwa. Katolika da Angalikan da Lutaran suna yi wa jarirai baftisma, suna kuma koyar da cewa Allah yana ba da alherinsa a cikinta. ECWA da Baftis da EYN suna jira sai mutum ya iya ba da shaida da bakinsa. Ba mu ɓoye bambancin ba. Amma ko inda ake yi wa jarirai, iyaye sukan ɗauki alkawarin renon yaro cikin bangaskiya, shi kuma in ya girma ya tsaya gaban ikkilisiya ya tabbatar. Ba wata ɗarika da ta yarda mutum ya riƙe baftisma a hannu ɗaya, zaman banza a ɗayan.

Zancen yawan ruwa ma ba sabo ba ne. Akwai wani ɗan littafi na ikkilisiyar farko, ana ce da shi Didake, watau Koyarwa, wanda aka gano a wani ɗakin littattafai a Istambul a shekara ta 1873. Ya ba da shawara a yi baftisma a ruwa mai gudu. In babu, a yi da wani ruwan. In ruwan bai isa a nutsar da mutum ba, a zuba masa a kā sau uku. Kowa ya bi tsarin ikkilisiyarsa da zuciya ɗaya, kada kuwa ya raina ɗan'uwansa.

MASU NEMAN KATI DA SUNA

Yanzu bari mu shiga cikin gida. Me yake kai 'ya'yanmu ajin baftisma? Wani ya ga tsararsa duka sun shiga, kunya ta kai shi. Wata an sa ranar aurenta, aka ce sai da katin baftisma za a ɗaura a majami'a. Wani kuma mahaifinsa dattijon ikkilisiya ne, ba ya so a ce ɗan dattijo bai yi ba. Iyaye, sau da yawa mu ne muke tura su. Kati takarda ce, gara tana cinta. In muka matsa wa yaro ya faɗi abin da ba ya cikin zuciyarsa, mun koya masa yi wa Allah ƙarya a gaban jama'a, mun kuma sa shi zaton ya tsira alhali bai tsira ba. Wannan ba ƙaramar cuta ba ce.

Waɗansu kuma sabon suna ne ya dame su. Ɗaukar suna ba laifi ba ne. Samuel Ajayi Crowther, wanda ya zama bishop a shekara ta 1864, ya sami sunan Samuel Crowther ne sa'ad da aka yi masa baftisma a Saliyo a 1825, Ajayi kuwa sunan da iyayensa suka sa masa ne, har yau da shi ake kiransa. Amma Littafi Mai Tsarki bai wajabta sake suna ba. Lidiya ta zauna Lidiya. Shawulu ma, bayan baftismarsa a sura 9 ta Ayyukan Manzanni, an ci gaba da kiransa Shawulu, sai a sura 13 muka fara jin Bulus. Hali ne ake so ya sake.

Masu bi na dā sun ɗauki wannan da nauyi. Wani tsohon littafin tsarin ikkilisiya, mai suna Al'adar Manzanni, ya nuna cewa masu neman baftisma sukan yi shekara 3 suna koyo, sai dai in halin mutum ya nuna ya shirya kafin nan. Akan binciki sana'arsu. Mai sassaƙa gumaka sai ya bari, ko a sallame shi. In lokaci ya yi, akan tambaya ko sun girmama gwauraye, ko sun ziyarci marasa lafiya. Haddace amsoshi yana da kyau, amma maƙwabta ne suka san ko mutumin dā ya mutu.

MASU JA DA BAYA

Akwai kuma waɗanda suka ba da gaskiya tun tuni, amma kowace shekara sai su ce baɗi. Wani yana cewa sai ya zama cikakke tukuna. Ɗan'uwa, ai da cikakku ake jira, da rafin ya bushe ba wanda ya shiga. Mutumin Habasha da Filibus ya yi wa wa'azi a hanyar Gaza, da ganin ruwa ya nemi baftisma. Mai tsaron kurkuku na Filibi, a daren da ya ba da gaskiya aka yi masa, shi da mutanen gidansa. A zamanin Sarki Kustantin na Roma mutane da yawa sukan jinkirta har tsufa, shi kansa sai da ya kusa mutuwa a shekara ta 337 aka yi masa. Amma wa ya gaya mana ranar tafiyarmu?

Wani kuma tsoro ne, ba ma kuwa raina tsoronsa. A shekara ta 203, a birnin Kartaj, cikin ƙasar da ake kira Tunisiya a yau, aka kama waɗansu masu koyon bangaskiya. Cikinsu akwai Farfetuwa, 'yar shekara wajen 22, da jariri a nono. Mahaifinta ya zo yana roƙonta ta janye. Sai ta nuna masa wani tulu, ta tambaye shi ko za a iya kiransa da wani suna dabam. Ya ce a'a. Ta ce ita ma haka, Kirista ce, ba ta da wani suna. Cikin kwanakin nan, tana hannun hukuma, aka yi mata baftisma. Daga baya aka kashe ta a filin wasa tare da Filisita, wata baiwa wadda ta haihu a kurkuku.

Har yanzu akwai waɗanda baftisma take jawo musu rabuwa da dangi, ko asarar gādo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma wannan bai ce a yi gaggawa ko fankama ba. Irin wannan ɗan'uwa, sai ya zauna da fasto da dattawa, a yi addu'a, a zaɓi lokaci da wuri da hikima. Ya ci gaba da girmama iyayensa fiye da dā. Mu kuma da muka tsaya a bakin rafi muna waƙa, mu sani mun zama danginsa. In aka rufe masa ƙofa, tamu ce za ta buɗe.

AIKIN GIDA

In akwai mai shirin baftisma a gidanku, maigida da uwargida ku kira shi shi kaɗai. Ku ce, "Ɗana, gaya mana, yaushe ka ba da gaskiya ga Yesu? Me kake so ka bari a cikin ruwan nan?" In ya ce bai shirya ba, kada ku yi fushi, ku gode masa da ya faɗi gaskiya, ku ci gaba da yi masa addu'a. In akwai wanda yake gaba da shi, ko bashin da ya ƙi biya, ya gyara kafin ranar. Kada kuma a ci bashi saboda shinkafa da akuya.

Mu da aka yi mana shekara 10 ko 30 da suka wuce, tambayar ta hau kanmu. 'Ya'yanmu ba su ga ranar baftismarmu ba, zamanmu na kullum suke gani. Kyan alkawari cikawa. A sujadar gida ta wannan mako ku karanta Romawa 6:1-14 tare, kowane babba ya gaya wa yara inda aka yi masa baftisma, da abin da Ubangiji ya raba shi da shi. In kuwa akwai abin da muka koma muka tono daga kabarin, ba wata baftisma za mu nema ba. Mu tuba, mu komo wurin wanda ya mutu dominmu, gama yana karɓa.

Allah ya kiyaye gidajenku. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.