Shekarun tsohuwar bindigar farauta: abin da hatimi yake faɗi

Idan aka zo rabon gado aka tarar da tsohuwar bindigar farauta mai baki biyu rataye a turakar marigayi, tambayoyi biyu ne suke tasowa: nawa za ta yi, kuma har yanzu ana iya harbi da ita? Duka biyun amsarsu tana rataye ga tambaya ta uku wadda ba a cika yi ba, watau yaushe aka ƙera ta, kuma a ina. Magada sukan dogara ga labarin da suka ji daga bakin tsofaffi, dillali ya dogara ga sunan da aka zana bisa bututu. Masu binciken tarihin makamai kuwa ba su yarda da ko ɗaya daga ciki ba sai sun kwance bindigar sun duba cikinta.

Abin dubawar ba a fili yake ba. Bayan an tabbatar babu harsashi, ana cire guntun itacen da yake ƙarƙashin bututu, a karya bindigar, a raba bututun da gindi, sa'an nan a kifa shi. A wurin da ƙarfen yake shimfiɗe, kusa da inda ake zura harsashi, akwai ƙananan alamomi da aka buga da guduma: kambin sarauta, baƙaƙe, lambobi, wani lokaci har da hoton zaki. In datti ya cika su, a goga alli a share, sai su fito fari tas. Waɗannan su ne hatiman gidan gwaji. Ɗan kasuwar da ya saba da takardun duwan ya riga ya san ma'anar abin: maganar mai kaya daban, tambarin hukuma daban.

Asalin al'adar tsoron fashewar bututu ne. A Landan ƙungiyar maƙeran bindiga ta samu izinin sarki a shekara ta 1637, ta kuma ɗauki nauyin gwada kowane bututu da albarushin da ya fi na kullum ƙarfi kafin a sayar. A Liyej ta ƙasar Beljika an wajabta gwaji a 1672. Sant-Etiyen ta Faransa ta samu nata gidan gwajin a 1782, Birmingam kuma a 1813, bisa ga dokar majalisar Ingila. Daga waɗannan garuruwa huɗu mafi yawan tsofaffin bindigogin farauta na yammacin Turai suka fito. Sa'ar mai bincike ita ce hukumomin nan sun yi ta sake dokokinsu, kuma duk lokacin da doka ta sake sai hatimi ya sake. Abin da aka yi don tsare hannun maharbi, shi ne ya koma kalanda.

Kafin a kai ga hatimi, siffar bindigar ita kanta tana ba da iyaka ta farko. Wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, mai ƙyastawa da dutse, ta girmi wadda ake tayarwa da ƴar hular tagulla, tun da dabarar tayar da wuta ta hanyar bugu sai a 1807 Forsyth, wani limamin coci a Sikotlan, ya yi mata rajista. Bindigar da ake karyawa a zura harsashi ta baya ta bazu ne daga aikin Casimir Lefaucheux na Faris a shekarun 1830. Harsashinta yana da ɗan tsinke da yake leƙowa ta gefe, kuma Ingilishi ba su kula da ita sosai ba sai da suka gan ta a babban bajekolin Landan na 1851. Harsashi mai hula a tsakiya ya shigo Ingila a 1861. A 1875 ma'aikata biyu na kamfanin Westley Richards, Anson da Deeley, suka fito da tsarin da ya ɓoye ƴan gudumomin bugu, waɗanda Faransawa suke kira karnuka, cikin jikin ƙarfe. Saboda haka bindiga mai irin wannan tsari ba za ta girmi 1875 ba, ko da wa ya rantse.

Amma a nan ne mutane da yawa suke zamewa. Siffa tana faɗin shekarar da bindiga ba za ta girma ba, ba ta faɗin ranar da aka ƙera ta. Fitowar sabon tsari bai kashe tsoho ba. An ci gaba da ƙera masu karnuka a waje shekaru da dama bayan 1875, domin sun fi araha kuma kowane maƙeri yana iya gyaransu. Masu ƙyastawa da dutse ma, Liyej ba ta daina ƙera su ba har cikin ƙarni na 20, saboda kasuwar Afirka tana neman su. Kamannin tsufa ke nan ba shaidar tsufa ba ne.

Hatiman Ingila sun fi sauƙin karatu ga wanda ya riƙe ƴan shekaru kaɗan a kansa. Lokacin da aka fara matse bakin bututu don ƙwayoyin darma su tafi a dunƙule, aikin da W. W. Greener na Birmingam ya yi suna da shi, hukuma ta ji tsoron kada wani ya harba dunƙulallen harsashi guda a ciki. Sai aka riƙa buga gargaɗin NOT FOR BALL daga 1875 zuwa 1887. Duk bututun da yake ɗauke da waɗannan kalmomi uku an gwada shi cikin shekarun nan goma sha biyu. Daga 1887 kalmar CHOKE ta maye gurbinsu. A 1904 Birmingam ta kawo sababbin alamomi, BP da BV da NP, kowace da kambi a kanta. Daga 1921 ta ƙara ƴar alamar da take ɗauke da baƙin da yake nuna shekara, daga 1925 kuma aka wajabta rubuta tsawon ɗakin harsashi. Baƙaƙen BNP ba su bayyana ba sai tsakiyar shekarun 1950.

Na Liyej su ne ya fi kamata ɗan kasuwa ya haddace, domin a nan ne kuɗi suke salwanta. Tun daga dokar Napoleyon ta 1810 bututun Liyej yake ɗauke da baƙaƙen ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai. A 1893 aka ɗora wa da'irar kambi. Gargaɗin NON POUR BALLE ya yi aiki daga 1878 zuwa 1897. Daga 1922 aka soma buga ƙaramin baƙi guda mai nuna shekara, tsakanin 1948 da 1961 kuwa da baƙaƙen Girka aka yi amfani. Daga 1924 ana rubuta girman baki da tsawon ɗakin harsashi tare, kamar 12-70, cikin wata alama mai kama da kofaton doki. Akwai wani tarko ƙarami: baƙin da yake da tauraro a bisansa ba shekara yake nufi ba, alamar ma'aikacin da ya duba bututun ce. Da yawa sun ƙirga wa bindiga shekaru daga wannan tauraro, sun yi kuskure.

Dalilin da ya sa Liyej take da muhimmanci haka shi ne, a ƙarshen ƙarni na 19 masana'antunta sun cika duniya da bindigogi masu araha, wasunsu ɗauke da sunayen da aka zaɓa don su yi kama da na mashahuran maƙera. An zana W. Richards don mai saye ya tuna Westley Richards, an zana T. Barker don ya tuna Parker na Amurka, an ari sunan Manton wanda masu shi suka daɗe da rasuwa. Kama da wane ba ta wane. A ɗauka ga bindiga nan da sunan Ingilishi bisa bututu, magada suna cewa kakansu ya mallake ta tun kafin zuwan Nasara. An kifa bututu, sai ga ELG mai kambi, ga kuma 12-70 cikin kofaton doki. Shari'a ta ƙare: ƴar Beljika ce, kuma ba a gwada ta ba kafin 1924. Tana iya zama bindigar kirki, amma kuɗinta ba su kusanci na ƴar Landan ba, kuma labarin kakan yana bukatar gyara.

Ba kowane saɓani tsakanin suna da hatimi ba ne zamba. Masu kantunan makamai na Faris da na sauran garuruwan Faransa sun saba sayo bindigogi daga Sant-Etiyen ko Liyej su sa a zana sunan kantinsu, haka nan masu kantunan Ingila suna yi da na Birmingam. Sunan na mai sayarwa ne, hatimin na garin da aka yi gwajin.

Wadda aka fi cin karo da ita a ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka kuwa ita ce ta Sant-Etiyen, musamman ta kamfanin da aka sani da Manufrance, wanda Étienne Mimard da Pierre Blachon suka kafa a 1885. Kamfanin ya yi ciniki ta gidan waya, kundin hajarsa na shekara-shekara yana kaiwa har ofisoshi da kantunan Afirka ta Yamma. Idéal ta fito a ƙarshen shekarun 1880, Simplex mai baki ɗaya a 1908, Robust mai baki biyu a 1913. Waɗannan shekaru su kaɗai sun isa su rushe labarai masu yawa: babu Simplex ɗin da ta ga ƙarni na 19. Hatimin garin shi ne rassan dabino a gicciye tare da sunan garin. Baƙaƙen PT suna nuna gwaji da wani albarushi marar hayaƙi da aka soma amfani da shi a 1900. Tsawon ɗakin harsashi kuma, in an rubuta 6.5, watau da santimita, aikin ya girmi 1912. In an rubuta 65, da milimita, daga baya ne. Wanda yake son matse tazarar fiye da haka sai ya koma ga tsofaffin kundayen hajar, ya ga shekarar da lambar samfurin ta shigo da shekarar da ta ɓace. Kamfanin na asali ya durƙushe a shekarun 1980, amma takardunsa suna ajiye a ma'adanar tarihi ta jihar Luwar.

Manyan gidajen Landan sun sauƙaƙa wa mai bincike ta wata hanya. Purdey, wanda aka kafa a 1814, da Holland & Holland sun adana littattafan cinikinsu, inda lambar bindiga take kai mutum ga shekarar da aka gama ta, sau da yawa har da sunan wanda ya fara sayenta. Adireshin da aka zana bisa bututu ma shaida ne. Sunan Holland & Holland bai wanzu ba kafin 1876, Purdey kuma sai a farkon shekarun 1880 ya tashi daga titin Oxford ya koma South Audley. Ƙananan maƙeran Birmingam, waɗanda su ne mafi yawa, littattafan galibinsu sun salwanta, sai hatimi kaɗai ya rage musu mai ba da shaida.

Sai dai hatimi shi ma yana bukatar a karanta shi da hankali, domin ranar gwaji yake faɗi. Bindigar da aka yi a 1880 aka sake gwada ta a 1960 tana ɗauke da jerin hatimai biyu, na fari shi ne na haihuwa. Wata an sauya mata bututu gaba ɗaya, wata an yanke tsohon an dasa sabo, wata an mai da ta daga harsashi mai tsinke zuwa mai hula a tsakiya. Don haka ake gwama lambar da take jikin bututu da ta gindi da ta guntun itacen ƙasa. In ba su zo ɗaya ba, to haɗe-haɗe ce, kuma darajarta ta faɗi.

Abin da ya fi kuɗi nauyi shi ne hannu da ido. Tsofaffin bututu masu zane kamar igiyar ruwa, waɗanda ake kira damas, an yi su ne da tsirkiyoyin ƙarfe da aka murɗa aka naɗe aka haɗa da wuta. Suna da kyan gani ƙwarai, amma da yawansu da baƙin albarushi kaɗai aka gwada su, kuma tsatsa tana iya cin mahaɗinsu ta ciki ba tare da an gani ba. Albarushin zamani yana matsa bututu ta wata hanya dabam. Ga kuma batun tsawo. Ana auna harsashi ne bayan bakinsa ya buɗe, saboda haka mai milimita 70 yana shiga ɗakin milimita 65 lafiya lau, bindiga ta rufe kamar babu komai. Sai an harba bakinsa ya rasa wurin buɗewa, matsi ya ƙaru. Bututun da aka yi ta gogewa don a kawar da tsatsa shi ma ya ƙara faɗi ya rage kauri. A Ingila, in faɗin ya wuce abin da hatimi ya rubuta da ɗan ƙanƙanin mizanin da doka ta yanka, gwajin ya warware, kuma sayar da bindigar laifi ne har sai an sake gwada ta.

Tsohuwar bindigar da ba ta ɗauke da shaidar gwaji da albarushi marar hayaƙi, ko wadda aka rasa gane tsawon ɗakinta, wurinta bango ne har ƙwararren maƙeri ya auna kaurin bututunta. Hatimin Liyej ko na Sant-Etiyen kuma ba ya zama madadin takardar izinin mallaka. Magajin da bindiga ta faɗo cikin rabonsa sai ya nemi tasa daga hukuma da sunansa.