Kanwa Ba Ta Da Tsada, Hanya Ce Mai Tsada

Babu gidan da ba a san kanwa ba. Da ita a ke dafa wake, da ita a ke dama wa maijego kunu, makiyayi kuma ba ya barin shanunsa su daɗe ba su sha ta ba. Amma kaɗan ne su ke tambaya ta ina ta biyo kafin ta iso kasuwar Bagudo ko ta Illo.

Kanwa daga nesa ta ke zuwa. Wata daga Dallol Boso cikin ƙasar Nijar, inda a ke kankare ƙasa a tace a dafa. Wata daga ƙasar Manga. Ungurnu kuwa daga bakin Tafkin Cadi a ke haƙo shi falle-falle. Duka aikin rani ne, don da ruwa ya sauka fadama ta cika, sai a ajiye fartanya. Ga ta da nauyi, ga araha a bakin rami, in kuma ruwa ya taɓa buhu ta narke. Saboda haka yawancin abin da mai saye ya ke biya kuɗin ɗauko ne.

Kakanninmu sun san wannan. Fatake su kan ɗora wa jakuna kanwa su ƙetare Kwara wajen Illo, su ratsa Bargu ta Nikki da Jugu har Salaga a ƙasar Gwanja, su komo da goro. A 1898 Ingila da Faransa su ka ja iyaka, Illo ta faɗo hannun Ingilishi, Nikki ta faɗa hannun Faransa, amma ciniki bai yanke ba.

A zamaninmu mota ta gaji jaki, wahalar kuwa duk kanwar ja ce. A watan Agusta 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ta Kamba ba sai Afrilu 2022. A Yuli 2023 kuma, bayan juyin mulkin Nijar, a ka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil. Duk ran da a ka toshe babbar hanya, kaya su kan koma kwalekwale da ɓarauniyar hanya. Ɗan kasuwa ya biya ninki, ya ɗora wa makiyayi da uwargida, baitulmali kuma bai ga ko kwabo ba.

Ba mu ce a bar iyaka sake ba, tsaron ƙasa wajibi ne. Abin da mu ke roƙo uku ne. A riƙa gyaran hanyar da ta bi Ka'oje zuwa Tsamiya, bakin iyakar Binin, tun kafin damina. A sa kuɗin fito sananne, a biya shi wuri guda, a karɓi rasit. A gina rumfuna a kasuwanni inda kanwa za ta kwana ba ta jiƙe ba.

Ku akawuna, ku ke riƙe da littafin kasuwa. Ku rubuta buhu nawa ya shigo da abin da a ka biya a kansa, don hukuma ba ta gyara abin da ba ta ƙidaya ba. Ku kuma malamai, ku nuna wa yara hanyar nan a taswira, su san guminsu wa ke cikin miyarsu. Allah ya sa a ji.