Ilimi a Cikin Gida: Azurfa Ce, Ko Ruwan Azurfa?

Duk lokacin da aure ya tashi a gidajenmu na Kokomlemle, Nima da Maamobi, iyaye mata sukan nufi Makola ko kasuwar Nima neman kayan lefe da na ɗaki: warwaro, sarƙa, cokula, faranti da butar shayi masu ɗaukar ido. Galibinsu jan ƙarfe ne ko tagulla da aka yi wa ruwan azurfa. Ya kamata mu san yadda ake yin wannan aiki, domin kada mu biya kuɗin doki mu koma gida da jaki.

Ana narkar da gishirin azurfa a cikin ruwa tare da wani sinadari mai suna sayanaid. Sai a wanke abin da za a rufe tas, domin maiƙo kaɗan yana hana azurfa kamawa, a ɗaura shi a wayar batir mai alamar ɗebewa. A ɗaya wayar mai alamar tarawa kuma a rataya sandar azurfa tsantsa, a tsoma su duka biyu. Da an saki wuta, ƙwayoyin azurfar da ke cikin ruwan sai su yi ta tafiya suna mannewa a jikin abin, ita kuwa sandar tana narkewa a hankali tana mayar da gurbinsu. Bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano, wuta mai ƙarfin amfiya ɗaya takan ɗora kimanin giram 4 a cikin awa guda. Saboda haka mai aiki ne yake yanke kaurin rufin, kuma a kayan araha bai kai kaurin gashi ba. A birnin Birmingham na Ingila aka mayar da wannan hikima sana'a, bayan George da Henry Elkington sun yi rajistarta a 1840.

To, yaya za mu bambance? Mu duba hatimi. Lamba 925 tana nufin kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce. Haruffan EPNS kuwa suna nufin rufi ne aka yi a kan gaurayen jan ƙarfe, nikel da tutiya. Da yake akan buga hatimin ƙarya, abu mai tsada a kai wa amintaccen maƙerin fari ya gwada kafin a biya. Haka nan wajen lissafin zakka, nisabin azurfa kimanin giram 595 ne, kuma nauyin tagullar da ke ƙarƙashin rufi ba ya shiga ciki. Game da ci da sha a kwanon da aka yi wa ruwan azurfa, malamai sun saɓa, sai kowa ya tambayi malaminsa.

Baƙin da azurfa take yi, farar wuta da ke cikin iska da ƙwai da albasa ce take jawo shi. Kada a dirje da toka ko yashi, domin rufin zai tafi tare da dattin. Tsumma mai laushi da ruwan sabulu sun isa, a shanya, a naɗe.

Gargaɗinmu ga matasa masu son koyon sana'ar: sayanaid guba ne mai kisa, kuma idan ya haɗu da asid yakan tayar da iskar da take kashewa cikin mintuna. Ba aikin ɗakin haya ba ne. Wanda ya zubar da ruwansa a kwatar Nima, ya aika da shi cikin Odaw da Korle, ta bayan gidajen maƙwabtansa.

Allah ya kiyaye mana dukiya da lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.