Likita, Ina Za Ka Bayan Ka Ƙware?

Jama'a, akwai wata tambaya da manyan likitoci kan yi wa ƙaramin likita ranar da ya zo intabiyu yana neman gurbin horon ƙwarewa a asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano ko na Shika. Sukan ce masa, "Mene ne burinka nan da shekara goma?" Shi kuma sai ya gyara zama ya karanto haddarsa cikin Turanci: zai ƙware a kan haihuwa ko ciwon yara, ya koma karkara ya taimaki talakawa. A gyaɗa kai, a ba shi gurbi. Alhali kuwa da yawansu sun riga sun fara karatun jarrabawar tafiya Ingila, ko suna jiran takardar Saudiyya. Mai tambaya ya sani, mai amsa ya sani. To, wa ake yaudara?

Mu ake yaudara, mu mutanen Gaya da Ajingi da makamantanmu. Ku tuna, likitan nan ya yi shekara shida a jami'a, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki, ya yi bautar ƙasa, sannan zai ƙara shekara biyar ko shida yana koyon aiki a jikin 'ya'yan talakawa. A jikin iyayenmu ya koyi riƙe allura. Amma idan naƙuda ta yi wa mace gardama a ƙauyenmu da tsakar dare, sai a nemi mota a bi ta Wudil a nufi Kano, ana addu'a kada ta cika a hanya. Wadda ta tsira kuma, wani lokaci da yoyon fitsari take dawowa. Abin kunya, wani Bature ɗan ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, shi ya zauna a Babbar Ruga ta Katsina tun cikin shekarun 1980 yana ɗinke matan nan.

Na san ruwa ba ya tsami banza. Likitan da aka kai ƙauye ba gidan kwana, ba lantarki, ba jini, ba albashin kirki, an ɗaure masa hannu ne. Don haka ban goyi bayan ƙudurin da Ganiyu Johnson ya kai Majalisar Wakilai a 2023 ba, na a tsare likita shekara biyar kafin a ba shi cikakken lasisi. Wanda aka tsare da tilas, gangar jikinsa kawai aka samu.

Shawarata ita ce a daina tambayar da ake amsawa da hadda. A ce masa, "Wane gari za ka? Shekara nawa za ka yi can? Me kake bukata?" A rubuta, shi ya sa hannu, gwamnati ma ta sa hannu. Mai niyyar tafiya ya faɗi gaskiya, ba za mu zage shi ba. Sannan a kawo tsohuwa daga Ajingi, ya yi mata bayanin hawan jini da Hausa, a ga ko ta fahimta.

Ya ku 'yan'uwanmu ɗaliban likitanci, alkawari kaya ne. Ranar intabiyu mutum biyar ne a gabanku, amma dubbai ne ke jiran amsar. Allah ya sa mu dace, amin.