Sa wa Subway Surfers babbar riga ba ƙirƙira ba ce

Matasanmu da ke koyon haɗa gem a Zariya suna ƙaruwa, daga ɗaliban kwamfuta na ABU zuwa masu koya wa kansu ta YouTube a Bomo da Samaru. Abin farin ciki ne. Sai dai yawancin abin da ake nunawa iri ɗaya ne: yaro yana gudu a titi, yana tsallake shinge, yana tsintar kuɗi. An sa masa hula da 'yar shara, an maye jirgin ƙasa da Keke Napep, sai a ce an yi gem ɗin Hausa. A ganina wannan canjin kaya ne kawai, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Asalin gem yana cikin dokokinsa: me ɗan wasa zai yi, me zai hana shi, ta yaya zai ci ko a cinye shi. Temple Run ya fito a 2011, Subway Surfers ya biyo baya a 2012 daga Denmark, kuma a 2018 ya zama gem na farko da aka sauke sau biliyan ɗaya a Play Store. Ko kamfanin Maliyo Games na Legas, wanda Hugo Obi ya kafa a 2012, da ya fitar da Aboki Run, dokar gudun nan ya ɗauka. To mai Tecno ko itel da datarsa ƙididdigaggiya ce, me zai sa ya sauke kwafi alhali na ainihin kyauta ne kuma ya fi santsi?

Dubi inda waɗanda suka yi fice suka samo nasu. Ludo King, wanda ke cikin wayoyinmu da yawa, wani kamfanin Indiya ne ya fitar da shi a 2016, kuma ludo kansa ya samo asali daga pachisi, tsohon wasan Indiyawa. Among Us na 2018 ƙaramin kamfani ne ya yi shi, ya gina shi a kan wasan Mafia da mutane ke yi a zaune, ana neman maci amana a cikinsu. Duka biyun sun ɗauki dokar da aka daɗe ana jin daɗinta a fili, suka gyara ta ta dace da waya.

Mu ma muna da irin waɗannan dokoki. Ɗauki dara: gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12. Da farko ana jera su ba tare da an haɗa uku a layi ba, sannan a fara matsawa gurbi ɗaya-ɗaya. Wanda ya jera uku ya ci ɗa ɗaya na abokin karawarsa. Wasa ne na lissafi da tarko, ba ya buƙatar zane mai nauyi, zai yi aiki a ƙaramar waya.

Langa ta fi ba da dama. Kowa yana riƙe da ƙafa ɗaya, in ka saki ko ka faɗi ka fita, kuma ƙungiya tana kare mutum ɗaya, wato ruwa, har ya isa inda ake so. A waya, yatsa ɗaya zai riƙa daidaita tsayuwa, ɗayan yana ture abokin gaba, abokai shida su haɗu ta hotspot ba tare da data ba. A dambe kuwa hannu ɗaya ne ke naɗe da kara don duka, ɗayan na karewa, kuma da hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa. Wannan ya sha bamban da Mortal Kombat, inda ake rage jini kaɗan-kaɗan har ya ƙare.

Wani zai ce ai da kwaikwayo ake koyo. Gaskiya ne, kuma duk mai koyon Godot ko Unity ya kamata ya sake gina Flappy Bird ko Tetris don hannunsa ya faɗa. Amma wannan atisaye ne, a kwamfutarka zai tsaya. Wani kuma zai ce mutane abin da suka sani suke saukewa. To ai sun san langa da dara da carafke tun suna yara, ba sai ka koya musu ba, kuma babu wani kamfani a Denmark da ya fi ka sanin su.

Shawarata ga mai shirin fara gem: kafin ka buɗe kwamfuta, rubuta dokar wasanka a takarda cikin layi uku. Cire hula da riga da sunayen Hausa, ka duba abin da ya rage. In Subway Surfers ka gani, sake zama. Je ka zauna wurin dattawa masu dara a bakin kasuwa, ka lura da lokacin da 'yan kallo ke yin shewa, ka tambayi kanka wace doka ce ta jawo hakan. Ita za ka fara rubutawa.