Kowa Ya Zama Injiniya, Gini Sai Faɗuwa

Wata tallar filaye da ke yawo a WhatsApp da Facebook ce ta sa na ɗauki alƙalami a wannan makon, kuma da ɓacin rai na ɗauka. An sa hoton ƙatuwar ƙofa, da kwalta mai sheƙi, da itatuwan dabino a jere, alhali duk zanen kwamfuta ne. A ƙasa an rubuta cewa sabon estet ne, a biya kaɗan-kaɗan, satifiket kuma yana kan hanya. Babu lambar fayil, babu lambar shatar fili, babu tsawo babu faɗi. Amma ka leƙa ka ga yadda bayin Allah ke rububin neman lambar asusu, har da zawarawa da ’yan fansho.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda kalmomin harkar fili da gini suka zama labulen da ake fakewa a bayansa ana yankar talaka. Wanda ya haddace kalma biyar ta Turanci sai ya sa hular kwano ya hau kan wanda bai haddace ba. Shi kuma mai saye kunya ta hana shi cewa bai gane ba, sai ya gyaɗa kai ya miƙa guminsa na shekara goma.

Mu fara da takarda. Tun 1978 da aka kafa dokar amfani da ƙasa, wadda har yanzu tana cikin kundin tsarin mulki, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna. Abin da kake samu izinin zama ne, yawanci na shekara 99. Giran ita ce takardar da ke nuna an ba ka wurin, satifiket kuma ita ce shaidar mallaka mai sa hannun gwamna ko wanda ya wakilta. Idan mai satifiket zai sayar, doka ta ce sai da amincewar gwamna. Agirimen da aka rubuta a gaban dillali da shaidu, ko takardar mai unguwa, shaida ce kawai cewa kuɗi ya fita daga hannu zuwa hannu. Tana da amfaninta, amma ba ta tsayar da katafila. Ranar da gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama’a, diyyar da doka ta tanada ta gini ce da shuka, ba ta tsurar ƙasa ba. Dillali ya san wannan sarai. Amma duk waɗannan sai ya dunƙule su a kalma ɗaya, ya ce maka, “Alhaji, wurin nan da takardunsa.” Waɗanne takardu? Satifiket ɗin da ake cewa yana kan hanya, wace hanya ya biyo da har yau bai iso ba? Takarda ko dai tana da lamba a ofishin filaye ko ba ta da ita. Kano na da KANGIS, Kaduna na da KADGIS, Abuja na da AGIS, kuma an kafa su ne don a je a bincika kafin a biya.

Sai fuloti. Abin da aka fi sani da cikakken fuloti shi ne ƙafa 50 da 100, kimanin murabba’in mita 465. Yau kuwa ko ƙafa 25 da 50 ne sunansa fuloti. A awon igiya abin ya fi muni. A sayi gona a bayan gari, a kira wani da igiya da turaku, kafin la’asar an yayyanka ta. Ba a bar wurin makaranta ba, ba a bar magudanar ruwa ba, layin kuma ko a-daidaita-sahu biyu ba za su gifta juna ba. Ita kanta igiyar wa ya auna ta? A ce an sayar maka da 50 da 50, igiya ta gaza da ƙafa biyu kacal ta kowane gefe, ya zama 48 da 48. Abin da aka zaftare maka murabba’in ƙafa 196 ne, wato ɗaki guda mai ƙafa 14 da 14. Ɗaki sukutum! Duk mun taso muna karanta surar da ta yi wa masu tauye mudu alƙawarin azaba, kuma mun sha jin hadisin da ya ce wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasar wani da zalunci za a rataya masa ita har ƙasa bakwai. Ban san wanda ya gaya wa ’yan awon igiya cewa mudun hatsi kaɗai ake nufi ba.

Amma duk wannan nafila ne a kan abin da ya fi ƙona mini rai, wato wannan suna na injiniya da aka mayar kamar gyaɗar biki. Yaro ya yi wata shida yana miƙa bulo, ya sayi tef da hula mai ruwan ɗorawa, shi ke nan ya zama injiniya. Mai gyaran famfo injiniya, mai ɗaura kwano injiniya, mai haƙa sokawe injiniya. Har a katin ɗaurin aure ake bugawa. Ina ganin girman magini da birkila da kafinta da lebura, sana’o’i ne na halal da suka fi ƙarfin raini, kuma da yawansu sun fi wasu masu digiri sanin hannun aiki. To me ya sa mutum zai ƙi sunan sana’arsa ya ari na wani? Dalilin ba ya wuce kuɗi. Da zarar an ce injiniya, mai gida ya daina tambaya.

Alhali aikin a rarrabe yake. Safiyo ne ke auna fili ya kafa shaidar iyaka. Mai zanen gini shi ke tsara ɗakuna da shigar iska da haske. Injiniya shi ke duba irin ƙasar wurin, ya yi lissafin nauyin da fandisho da fila da bim da dakin za su iya ɗauka, ya ce ga kaurin rodin da za a sa, ga tazarar ringi. Akwai mai ƙididdigar kaya da kuɗin aiki. Sannan magini ya aiwatar. Tun 1970 aka kafa hukumar COREN don yi wa injiniyoyi rajista, kuma a doka wanda ba shi da rajistarta ba shi da ikon kiran kansa da wannan suna a fagen aiki. Masu zane na da ARCON, ƙwararrun magina na da CORBON. Ƙasar nan ta fitar da kundin ƙa’idojin gini tun 2006. Duk suna nan a rubuce. Amma mutum ɗaya zai zana maka bene a bayan kwalin siminti, ya yi lissafin rodi da ka, ya sayo kayan da kansa, ya gina, sannan ya duba aikin kansa ya ce ya yi daidai. In ka tambaye shi lambar rajista, sai ya yi dariya ya ce, “Ranka ya daɗe, mu da muka yi bene ya fi ashirin a garin nan?” To, bene ashirin ɗin nan su ne abin tsoro.

Ka tsaya wurin da ake zuba dakin ka kalli abin da ke faruwa. Leburori a jere a kan tsani, kwanon sarki na tafiya daga kai zuwa kai, ana kirari ana ihu. Haɗin da aka saba da shi a kankaren gida shi ne ɗaya, biyu, huɗu: awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Buhun siminti kilo 50 ne, kusan kwanon sarki biyu ke nan, don haka buhu guda yashinsa kwano huɗu, tsakuwarsa takwas. Da safe, mai gida na tsaye, haka ake yi. Bari ya tafi sallar azahar. Sai a koma awo da baro, a tula yashi, a kwarara ruwa don kwaɓin ya yi laushin ɗauka, alhali yawan ruwa kashe ƙarfin kankare yake yi. Buhunan da suka yi saura kuma da magariba ka gan su a bayan babur. Kankare sai ya kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi, kuma yana son ban ruwa a kwanakin farko. Amma injiniyan namu sauri yake, katakon na haya ne, akwai wani aikin da ke jiransa, sai a zare tokara tun dakin bai ƙosa ba a fara ɗora bulo.

Rodi kuwa ba a magana. Zane ya ce a sa mai milimita 16, a sa mai 12, a ce ai bambancin kaɗan ne. A ido kaɗan ne. A lissafi kuwa, mai 12 bai wuce kashi 56 cikin 100 na ƙarfen da ke jikin mai 16 ba, kusan rabi ya tafi ke nan. Da an zuba kankare an rufe, ba mai sake gani sai ranar da aka zo tono gawa. Haka bulo. A ce maka inci tara ne “sitanda”, wata kalmar da na tsana, don ban taɓa jin mai kayan da ya ce nasa ba sitanda ba ne. Ka ɗaga shi ka sake daga gwiwa, ya marmashe kamar busasshen burodi. Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tulin abincin wani ɗan kasuwa ya taɓo jiƙaƙƙe a ƙasa, ya kuma barranta daga mai algus. Wanda ya binne siririn rodi a cikin fila, me ya raba shi da mai wancan tulin? Sai dai ma a ce nasa ya fi, don wancan ciki zai ɓata, wannan kuwa rai zai ɗauka.

Kuma yana ɗauka. Ranar 1 ga Nuwamban 2021 bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ta Legas ya rufta, mutum fiye da 40 suka mutu, har da mai ginin kansa. A Agustan 2022 wani bene da ake kan ginawa a titin Beirut da ke Kano ya faɗo a kan mutane ana tsakiyar kasuwanci. Ranar 12 ga Yulin 2024 ginin wata makaranta a Jos ya danne ɗalibai suna cikin aji, rayuka 22 suka salwanta. Kowane karo sai a ce tsautsayi ne, a kafa kwamiti, a yi addu’a, a watse. Mun yi imani da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta taɓa wanke mai ganganci daga alhaki ba, ko a kotu ko a gaban Ubangiji.

Kada masu gidaje su ɗauka na ƙyale su. Kai ne aka kawo wa lissafin gaskiya ka ce ya yi tsada, ka nemo mai cewa zai yi da rabi. Kai ne ka yi fandishon gidan ƙasa, da kuɗi suka zo ka ce a ɗora hawa biyu. Kai ne za ka kashe miliyoyi a tayil da fenti da fitilu masu walƙiya, amma kuɗin gwajin ƙasa da na ƙwararren mai duba aiki ka ce asara ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Tunda an zo nan, bari in faɗi wata. Wane ne ya halatta wa mai gini ya juye tifar yashi a tsakiyar layi ta yi wata uku, mara lafiya da gawa sai an zagaya da su? Wa ya ce ka fito da matattakalarka da ramin sokawe cikin hanyar jama’a? Kowa ya ci ƙafa biyu, maƙwabcinsa ya ci uku don kada a bar shi a baya, har kwata ta toshe. ’Yan kasuwar Kantin Kwari ba su manta ambaliyar damunar 2022 ba, lokacin da ruwa ya shiga shaguna ya lalata atamfofi da shaddoji, kowa kuma ya nuna yatsa ga gine-ginen da aka ɗora a kan hanyoyin ruwa.  

Abin takaicin, mu ba baƙin gini ba ne. Kakanninmu sun san tubali da azara da makuba, sun san bakan gizo da ɗaurin guga da zanko, kuma mai gida ya san su kamar yadda magini ya san su, don da harshensa ake faɗa. Babban Gwani ya gina Masallacin Juma’a na Zazzau a ƙarni na 19 da ƙasa da azara, har yau masana gini daga ƙasashen waje na zuwa kallon bakunansa. Akwai Sarkin Magina, wanda idan soro ya tsage an san ƙofar da za a buga. Gwani kuwa jama’a ke ba mutum sunan bayan sun ga aikinsa, ba shi ke raɗa wa kansa ba.

Ina kira ga hukumomin tsara birane, KNUPDA da KASUPDA da takwarorinsu na sauran jihohi: ku fassara takardun fili da na izinin gini zuwa Hausa, da boko da ajami, ku shiga rediyo ku bayyana wa mutane bambancin giran da satifiket da agirimen. Ku wajabta kafa allo a gaban kowane bene da ake ginawa, mai ɗauke da sunan injiniyan da lambar rajistarsa da adadin hawan da aka amince. Malamanmu kuma su riƙa sako magina da dillalan filaye cikin huɗubar algus, kada a tsaya kan masu gero da manja.

Kai kuma mai karatu, in za ka sayi fili, tafi da tef ɗinka, ka karɓi lambar fayil ka kai ofishin filaye da ƙafarka kafin ka tura ko sisi. In aka faɗa maka kalmar da ba ka gane ba, ka ce a maimaita da Hausa. Wanda ya ƙi, ka riƙe kuɗinka.